DARASIN SANA'A: SAYEN TSOHON INJIN SASSAƘA DA FARA AIKI DA SHI

In kaka ta wuce, an ɗaure hatsi an sa rumbu, samari da yawa na ƙasar Madarunfa sukan ɗauki hanyar cin rani. Wasu su tafi Maraɗi, wasu Katsina ko Kano, wasu nesa da nan. Wanda ke da sana'ar hannu, shi kan iya zama gida shi ci abincinshi kusa da iyalinshi.

Sassaƙa tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa. Da gatari da gizago masassaƙa ke fidda turmi, da taɓarya, da akushi, da muciya, da allo. Yanzu akwai inji mai taimakon wanga aiki, kuma ana samun tsohonshi a kasuwa da sauƙin kuɗi. Amma sauƙin nan na da haɗari. Mutum kan saida sa, ko damman hatsi masu yawa, shi sayo ƙarfen da ba ya aiki. Wani kuma shi sayo mai kyau, amma rashin sani shi sa shi rasa yatsa ko ido. Don haka aka shirya wanga darasi.

1. Mene ne injin sassaƙa?

A faransanci sunanshi tur. Aikinshi guda ne: shi riƙe icce ta kai biyu, shi juya shi da sauri. Mai aiki shi aza ƙarfe mai kaifi bisa iccen, ƙarfen na feƙe shi har shi zama mulmulalle. Gizago shi ke zuwa wurin icce. A inji kuwa, icce ke zuwa wurin kaifi.

Sassanshi biyar ne. Akwai gado, wato dogon ƙarfen da komi ke zaune bisanshi. Akwai kai, a hannun hagu, inda sandar ƙarfe ke juyawa. Akwai wutsiya, a hannun dama, mai tsinin da ke tokare icce. Ana matsa ta gaba ko baya. Akwai majingina, inda ake aza ƙarfen yanka. Na biyar shi ne moto da bel ɗinshi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A ƙasar Masar akwai zanen mutum biyu suna wanga aiki cikin wani kabari da aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: ɗaya na jan igiya, ɗaya na riƙe da ƙarfe. A birnin Marakish na Maroko ana juya icce da baka da tsirkiya, mai aiki na tokare ƙarfen da yatsun ƙafa. A Ingila, kusa da garin High Wycombe, har cikin shekarun 1950 akwai masu fidda ƙafafun kujera cikin daji da injin da ake takawa da ƙafa. Ke nan rashin lantarki bai hana sana'ar.

2. Tambayoyi uku kafin a taɓa kuɗi

Ta farko: wa za ya saya? Mai niyya shi fara da yawon kasuwa, ba na masu inji ba. Shi je wurin kafintocin Madarunfa, da na Ɗan Isa, da na Maraɗi, shi tambaye su inda suke samun ƙafafun gado da na tebur da na kujera, da nawa suke biya. Shi tambayi maƙera ko suna son ƙotar wuƙa da ta magagari. Shi tambayi mata kuɗin muciya. In kafinta biyu ko uku sun yi alkawarin saye, sana'a ta samu gindi.

A sani kuma ba kowane aiki inji ke yi ba. Abin da ke miƙe, mai zagaye, shi ne nashi. Ƙotar fartanya mai lanƙwasa, da allo, sai gizago. Turmi ya yi ma ƙaramin inji nauyi. Inji abokin masassaƙi ne, bai maye gurbinshi.

Ta biyu: ina icce? Za a yi bayanin wanga a lamba ta 7. Wanda bai da hanyar samun icce bisa doka, kada shi sayi inji.

Ta uku: ina wuta? Wutar da kamfanin NIGELEC ke kaiwa gidaje bolt 220 ce. Babban rabo na wutar jihar Maraɗi daga Najeriya take zuwa, ta hanyar Katsina. A watan Agusta na 2023 an yanke ta, ba ta dawo ba sai cikin 2024. Masu inji da yawa sun ga zaman banza a lokacin. Don haka mai sana'a shi san abin da za ya yi ranar da babu wuta: washi, ko yankan icce, ko kai kaya kasuwa. Wanda ke ƙauyen da babu lantarki, sai gurup, ko injin takawa irin na keken ɗinki.

3. Yadda ake duba tsohon inji

Gani ya kori ji. Kada a sayi inji da hoton salula ko da bakin dillali. A tafi da wanda ya san aikin, ko makaniki amintacce, ko da za a biya shi kuɗin yini. A tafi da rana, a riƙe guntun icce da tsumma.

Gado. A goge shi sarai, a duba tsaga. Yawancin tsofaffin injuna ƙarfen zubi ne. Irin wanga ƙarfe na da nauyi, kuma nauyin alheri ne, don shina hana rawa. Amma in ya tsage, walda ba ta cika riƙe shi ba. Tsatsa ta sama ba laifi ba ce, samfefa da mai na fidda ta. Sabon fenti bisa tsohon inji kuwa, a dube shi sau biyu: wani sa'i tsaga yake ɓoyewa.

Tsini da tsini. A matso wutsiya har tsininta shi kusa taɓa tsinin kai. Dole su dubi juna daidai, kamar bakin allura biyu. In ɗaya ya hau ko ya kauce sosai, aiki ba za ya fita daidai ba.

Sandar kai. A kashe wuta, a kama sandar da hannu, a girgiza ta sama da ƙasa. Bai kamata ta motsa ba. A juya ta a hankali, a saurara. In ana jin kamar yashi ciki, rulma ce, wato boris, ta mutu. Rulma ana samunta wurin masu kayan mota, canjinta bai da wuya, sai a rage kuɗinta cikin ciniki. In sandar kanta ce ta lanƙwashe, a bar injin.

Moto. Ga inda karatu ke amfani. Jikin kowane moto akwai ɗan faranti da rubutu. A nemi harafin V: in an rubuta 220 ko 230 kaɗai, ya dace da wutar gida. In 380 ne kaɗai, wutar waya uku yake so, irin ta manyan ma'aikatu, ba za ya tashi a gida ba. In 110 ne, irin na Amurka, wutar 220 za ta ƙone shi nan take. A nemi harafin W: wat 370 zuwa 750 sun isa mai farawa. Wat 750 shi ake kira doki ɗaya.

Gwaji. A kunna shi minti 15. A taɓa moto da kan inji: ɗumi ba komi, zafin da hannu bai jurewa laifi ne. A shaƙa ko akwai warin ƙonewa. Sannan a ɗaura guntun iccen da aka zo da shi, mai saidawa shi yi aiki a gani. Wanda ya ce babu wuta yau, a ce mashi sai gobe.

Kayan haɗi. Majingina, da tsini mai haƙora na kai, da faifan da ake ɗaura akushi, da makullansu, a ƙirga su ɗaya ɗaya. Zaren dunƙulen sandar kai ya bambanta daga inji zuwa inji. In faifan ya ɓace, samun wanda za ya shiga na iya zama wahala ta wata da watanni.

4. Ciniki da takarda

Araha ba ta ado. Kada duk kuɗin su tafi ga inji. Wanda ke da kashi huɗu, shi sa uku ga inji, shi aje ɗaya don ƙarafan yanka, da dutsen washi, da kariyar fuska, da kuɗin mota, da gyara.

In ciniki ya faɗa, a rubuta takarda: sunan mai saidawa, sunan mai saye, irin injin, lambar da ke jikinshi, kuɗi, rana, da shaidu biyu. Ana iya rubuta ta da hausa. Ita ke raba mai saye da zargin kayan sata. In daga Jibiya, ko Katsina, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka sayo, a bi ta duwan, a karɓi takardarsu a adana. Hanyoyin bakin iyaka sun yi fama da ɓarayi a shekarun nan, don haka a yi tafiya da rana, kuma kada a yi ta shelar kuɗin da aka ɗauko.

5. Girka inji da sanin gudu

A girka shi bisa daɓen siminti ko tebur mai nauyi, a ɗaure da ƙusa mai dunƙule. Tsinin kai shi zo daidai gwiwar hannun mai aiki in shina tsaye. Rumfa ta kasance da haske da iska, da ƙofar da ke hana yara shiga. Mai gyaran lantarki shi ja waya, shi sa ta ƙasa, shi sa makunni inda hannu ke kai ba tare da an ƙetare icce ba. In gurup ne, ƙarfinshi shi ninka na moto sau biyu ko uku, don moto na jan wuta da yawa sa'ad da yake tashi.

Yawancin moto irin wanga na juyawa kusan sau 1.400 a minti. Faifan bel ke rage gudun ko ƙara shi. In na moto santimetir 5 ne, na kai 10, icce na juyawa sau 700. In girmansu ɗaya, sau 1.400. In na moto 10, na kai 5, sau 2.800.

Ga ƙa'ida: icce mai kauri, gudu kaɗan. A auna kaurin icce da santimetir, a ninka shi da gudun. Kada abin da ya fito shi wuce 20.000. Ƙafar kujera mai santimetir 5 a gudu 2.800 ta ba da 14.000, babu laifi. Akushi mai santimetir 25 a gudu 700 ya ba da 17.500, babu laifi. Amma akushin nan a gudu 2.800 ya ba da 70.000: shina iya fashewa shi tashi kamar jifa. Iccen da ba a mulmula ba tukuna, kullum da ƙaramin gudu ake fara shi.

6. Ƙarafan yanka

Cizal huɗu sun isa farawa. Babba mai kwarmi kamar indararo, shi ke mai da icce mai kusurwa mulmulalle. Ƙarami mai kwarmi, shi ke fidda wuya da ƙugu na ado. Siriri mai tsini, shi ke yanka layi da raba aiki da saura. Mai faɗin baki, shi ke kankare wuri shi yi sumul.

Babban nan mai kwarmi na aikin tsawo ne kaɗai. Kada a sa shi cikin akushi: gindinshi siriri ne, in icce ya cafke shi sai shi karye. Kada kuma a ƙera cizal da tsohon magagari. Ƙarfen magagari na da tauri amma shina da gautsi, in ya fashe ɓarɓashin kan nufi fuska.

Kaifi shi ne rabin sana'a. Ƙarfe mai kaifi na fidda dogon ɓawo mai nannaɗewa. Dakusasshe ƙura yake fiddawa, shi sa mai aiki dannawa da ƙarfi, nan hannu ke zamewa. In da injin washi ake wasawa, a riƙa tsoma ƙarfen cikin ruwa. Baki in ya yi shuɗi ya ƙone, ba za ya riƙe kaifi ba sai an cinye wurin.

7. Icce da doka

Masassaƙa sun san kirya da tauri, da ita ake turmi mai daɗewa. Sun san aduwa, da ɗanya, da maɗaci. To amma itatuwan nan, tare da gawo, da tsamiya, da ɗorawa, da giginya, suna cikin waɗanda hukuma ta tsare. Dokar daji ta Nijar, lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004, ta hana a sare irinsu ba da izini ba. Wanda za ya sari icce don sana'a, shi fara zuwa wurin ma'aikatan daji na gunduma ko na kwamin, shi karɓi takarda. Tara da ƙwace kaya na iya cinye ribar shekara.

Tun dokar 21 ga Agusta 1992 aka kafa kasuwannin icce na karkara, inda mutanen ƙauye da kansu ke tsara sara da saidawa, kamar yadda aka yi a dajin Baban Rafi. Yawanci iccen wuta ne, amma cikinshi ana tsintar guntaye masu kyau, kuma da takardarsu.

Mai farawa, dogon yaro ya ishe shi. Shina ko'ina cikin gari, bai da wuyar yanka, ƙwari ba su cika cinshi ba. In za a yi mashi aski, a nemi rassan wurin mai shi. Akwai kuma sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara yaɗawa tare da manoman jihar Maraɗi a 1983: manomi shi bar tohon kututture cikin gona, shi zaɓi masu ƙarfi, shi rage saura. Bayan ƴan shekaru gonar na ba da rassa ba tare da an kashe uwar ba. Mai inji shi fi kowa riƙon wagga dabara, kuma ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, shi dasa nashi. Inji na cin icce da sauri fiye da gizago. Wanda ke sara bai dasawa, ɗanshi za ya gaji ƙarfe babu abin ɗaurawa.

Ɗanyen icce na da daɗin yanka, amma in ya bushe sai shi tsage ko shi karkace. A yanka shi guntu guntu, a shafe kai biyu da tsohon fenti ko kaki, a jera a inuwa, ba bisa ƙasa ba saboda gara, a bar iska na ratsawa. A rubuta ranar da aka aje bisa kowane guntu. Rana da iskar hunturu na busar da waje kafin ciki, shi ke kawo tsaga. Icce mai tsaga, ko ruɓa, ko ƙusa ciki, murhu ne wurinshi.

8. Tsare kai

Rigakafi ya fi magani. Inji bai san mai shi ba.

Babbar riga, da rawani, da gyale, da carbi, da zobe, da agogo, da laya mai rataye, duk a tuɓe su. Abin da ke lilo, icce na naɗe shi, shi ja mutum kafin shi kai ga makunni. Riga mai gajeren hannu ita ce ta aiki.

A sa kariyar fuska, ko aƙalla tabarau na aiki. A rufe hanci da baki. Tun 1995 masu binciken ciwon daji na hukumar lafiya ta duniya suka sa ƙurar icce cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji na hanci. Tana kuma kawo tari da fuka.

Kafin a kunna, a juya icce da hannu sau ɗaya, a ga bai bugun majingina. A ɗaure kowane makulli. A tsaya gefe sa'ad da ake kunnawa. Kada a gyara majingina inji na gudu. Kafin guga da samfefa a cire majingina, kuma kada a naɗa tsumma a yatsa. Mai gajiya, da mai jin barci, da wanda ya sha ƙwaya, kada su kusanci inji. A share ɓawo kowane maraice, don wuta na son shi.

9. Aikin farko

Sannu ba ta hana zuwa. Kafin mutum shi tsaya shi kaɗai, shi yi ko wata uku ne ƙarƙashin wanda ya iya, a Maraɗi, wadda ba ta kai kilometir 30 daga Madarunfa ba, ko shi tambaya a cibiyar koyon sana'a ta gwamnati da ake kira CFM.

Aikin farko shi ne sanda miƙaƙƙiya. A samu icce mai tsawon santimetir 30, kauri 5. A ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane kai. Inda suka gamu nan ne tsakiya. A ɗaura shi tsakanin tsini biyu. A matso majingina kusa, tazarar rabin santimetir. A aza cizal bisa majingina tukuna, gindinshi ƙasa. A bar bayan bakin shi goga icce, sannan a ɗaga gindin a hankali har ɓawo shi fara fita. A yanka daga wuri mai kauri zuwa siriri, kamar mai gangara tudu. In sanda goma sun fita kauri ɗaya, a shiga ƙafar kujera. Wuyar ƙafar kujera ba guda ba ce, huɗu masu kama ɗaya ce. A yanka gwadabe na kwali, a riƙa gwadawa. Akushi sai daga baya.

Kayan ɗaki, a shafa masu banis. Kayan abinci kuwa, man kaɗe ko kakin zuma. Baƙin man mota guba ne, kada shi taɓa muciya ko akushi.

10. Lissafi

Ga misali, kowa shi sa kuɗin kasuwarshi a gurbin waɗanga. A tuna jika 1 dala 200 ce.

A ce inji ya ci jika 150, kayan aiki da mota da gyara jika 50. Duka jika 200. Mai aiki na fidda ƙafar kujera 8 a yini, kowace dala 100. Ya samu dala 800, wato jika 4. Icce ya ci jika 1. Wuta da samfefa da banis sun ci jika 1. Saura jika 2. Jika 1 ta cefane, jika 1 ta mai da kuɗin inji. Ke nan sai ya yi yini 200 na aiki kafin inji shi biya kanshi. In shina aiki kwana 5 a mako, mako 40 ke nan. Manomin da ke komawa gona da damina, rani biyu za ya yi.

Wanda ya ci bashi da alkawarin biya cikin wata uku, ya sa kanshi cikin wuya tun bai kunna inji ba. Gara adashi, ko mutum uku su haɗa kuɗi su sayi guda, su rubuta ranar kowa da kason gyara. Kuma a riƙe littafi: shafi ɗaya abin da ya shigo, shafi ɗaya abin da ya fita, kowace rana.

Tambayoyi don masu karatu

1. Waɗanne tambayoyi uku ne mai niyya za ya amsa kafin shi sayi inji?
2. An rubuta 380 V jikin moto. Za ya yi aiki da wutar gida?
3. Icce mai kaurin santimetir 20, da wane gudu za a juya shi: 700, 1.400 ko 2.800? Don mi?
4. Mutum uku sun haɗa jika 200. Na farko ya ba da 80, na biyu 70. Nawa na uku ya ba da?
5. Waɗanne itatuwa ne suka yi ƙaranci a ƙauye cikin shekara 20 da suka wuce? A tambayi tsofaffin masassaƙa, a rubuta sunayen, a kawo aji.